Wufa mai 500 RMS, wane amfilifaya ne zai ja ta ba tare da ta ƙone ba?

Sabon Shiga:
Salamu alaikum 'yan gida, don Allah shawara nake nema kafin in yi aika-aika. Na samu wufa (sifikar bes ta mota) inci 12, a jikin kwalin an rubuta 1500W MAX da manyan baƙi, amma a 'yar takardar da ke ciki an sa 500W RMS, kuma koyil biyu gare ta kowanne om 4 (om ma'aunin juriyar wuta ne). Amfilifaya biyu ne a gabana. Na farko mono ne class D, takardarsa ta ce 300 a om 4, 500 a om 2, 800 a om 1, duk RMS. Na biyun kuma an zana masa 3000W a jiki, ya ma fi na farkon girma da ƙyalli, sai dai ba takarda ba komai, fiyus ɗaya ne a gefensa an rubuta 30. Wani abokina ya ce in ɗau na 3000 ɗin tunda wufar 1500 ce, wai gara ƙarfi ya yi yawa da ya gaza. Ni dai kaina ya ɗaure wlh, wanne zan saka?

Sarkin Ƙara:
Wa alaikumus salam. abokin naka ya faɗa maka gaskiya malam, ɗau na 3000 kawai ka wuce wajen, wufa wuta take so, in ka haɗa ta da ƙaramin amfilifaya yunwa ce za ta kashe ta, mun ga irin haka ba sau ɗaya ba

Tsohon Rewaya:
Sarki a yi haƙuri, bari in ɗan sa baki. Yaro ka ce fiyus ɗin na biyun 30 aka rubuta ko? To shi ke nan ya tona wa kansa asiri. Amfilifaya ba ya ƙirƙiro wuta, abin da ya ja daga batir shi yake juyawa ya ba wufa. Mota in tana kunne wutarta wajen 14.4 volt ce, ka ninka da 30 ɗin nan, 432 ke nan. Wannan fa idan ko ɗigo bai salwanta ba, alhali dole wani kaso ya tafi a zafi, in class D ne wajen kashi 80 cikin 100 ke isa wufa, in class AB ne da ƙyar a wuce rabi da ɗan wani abu. To ka ga abin da zai iya bayarwa tsakanin 230 ne zuwa 350, ina 3000 ta fito? Kafin a samu 3000 na gaske sai an ja sama da amfiya 200, fiyus ɗin 30 ai ko numfashi ba zai yi ba zai narke. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sarkin Ƙara:
Baba ai fiyus ba nan take yake yankewa ba, yana iya ɗaukar fiye da abin da aka rubuta masa

Tsohon Rewaya:
Haka ne, yana jurewa na ɗan lokaci, shi ya sa lissafin fiyus kintace ne ba awo ba. Amma jurewar ta ɗan ƙari ce ta 'yan daƙiƙu, ba ninki bakwai ba. Ko ka yi masa alfarma ka ce 450, har yanzu bai kamo na farkon ba.

Injiniya:
Abin da Baba ya faɗa shi ne. Sabon Shiga ka cire 1500 da 3000 ɗin nan daga ranka gaba ɗaya, MAX ko PEAK lamba ce ta talla, babu wata ƙa'ida guda da kowa ke bi wajen auna ta, kowane kamfani da yadda ya ga dama. RMS ita ce ƙarfin da abu zai iya bayarwa ko ya ɗauka a ci gaba ba tare da ya galabaita ba, ita kaɗai ake kwatantawa. Akwai ma wani ma'auni da ake kira CEA-2006, yanzu ya koma CTA-2006, wanda ke tilasta a auna amfilifaya a 14.4 volt, a kan om 4, kuma gurɓacewar sauti kar ta wuce kashi 1 cikin 100. In ka ga tambarinsa a kwali to lambar da aka rubuta ta fi kusa da gaskiya.

Sai abu na biyu wanda shi ne mutane suka fi tsallakewa, ba a cewa amfilifaya kaza wat kaza ne a yi shiru, sai an ce a om nawa. Naka na farko fuska uku gare shi, 300, 500, 800, kuma yadda ka ɗaura wayoyin wufar ne zai zaɓa maka ɗaya. Koyil biyu masu om 4 hanya biyu ce kawai ka ke da ita. In ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, wato faralel, za ka samu om 2, amfilifaya ya ba ka 500, daidai cif da wufarka. In kuma ka yi siris, wato baƙin koyil na farko ya shiga jan na biyu, za ka samu om 8, abin da zai fito bai wuce 150 ba. Om 4 da om 1 ba za ka same su da wufar nan ita kaɗai ba, saboda haka 300 da 800 ɗin ba ruwanka da su a yanzu. Ka yi faralel ka huta.

Sabon Shiga:
Kai na gode Injiniya. To idan na ɗaura koyil ɗaya kawai na bar ɗayan fa? ai om 4 ke nan ko

Injiniya:
Om 4 ne a mita amma kar ka yi. 500 ɗin da aka rubuta na koyil biyun ne tare, in ka bar ɗaya zaune ka rage abin da za ta iya ɗauka, sannan yanayin motsinta a cikin akwati ya canza, ba za ta yi sautin da aka ƙera ta a kai ba.

Sarkin Ƙara:
To na ji na 3000 ɗin ƙarya ne na yarda, amma maganata ta farko tana nan ban janye ba, 500 a kan 500 ya yi kaɗan. ni a wajena amfilifaya ya kamata ya ninka wufa, saboda ƙaramin amfilifaya shi ke ƙona wufa ba babba ba, duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san haka, ku tambayi masu naɗin koyil su gaya muku

Ɗalibin Lantarki:
Oga Sarki ni fa wannan maganar kullum ina jin ta amma ta ƙi shiga kaina. In ƙarancin wuta ne ke ƙona wufa to ai duk sanda mutum ya rage murya ya kamata ta ƙone, tunda a lokacin wat 5 ko 10 kawai ke shigarta. Har in ka kashe rediyon ma ai babu wuta sam, me ya sa ba ta mutuwa a lokacin 😂

Sarkin Ƙara:
kai yaro karatun aji daban aiki daban

Injiniya:
Ku tsaya, ku biyun kowa ya riƙe wani ɓangare. Ɗalibi ya yi daidai, ƙarancin wuta shi kaɗai bai taɓa ƙona koyil ba, abu biyu ne ke kashe wufa, zafi ya yi wa koyil yawa, ko kuma fuskarta ta yi tafiyar da ta wuce iyakarta har wani abu ya yage ko koyil ya bugi ƙasa. Abin da Sarki yake gani a aikace kuma gaskiya ne yana faruwa, amma ba ƙanƙantar amfilifaya ba ce, hannun mai motar ne. Mutum ya saka 300 yana son ya ji ƙarar 1000, sai ya murɗe geyin har ƙarshe ya ƙara bas bus (maɓallin ƙara bes) ya ƙure rediyo. Amfilifaya kuma yana da iyakar volt ɗin da zai iya fitarwa, in aka matsa masa ya wuce nan sai ya riƙa sare kan igiyar sautin, maimakon ta tashi ta sauko a lanƙwashe sai samanta ya baje, shi ne kilifin. Kamar mai ƙaramar murya ne aka tilasta masa kiran wanda ke nesa, ihun zai fito amma a dishe.

Inda matsalar take, igiyar da aka sare ta har ta zama mai kusurwa huɗu tana ɗauke da ƙarfi har ninki biyu na mai tsabta. Wato amfilifayan 300 da aka ƙure shi yana iya tura abin da ya doshi 600 cikin koyil, kuma ƙarin nan ba ya sa fuskar wufar ta ƙara motsi yadda za ta hura wa koyil iska, zafi ne zalla. Dama can abin da sifika ke mayarwa sauti bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na wutar da ta shige ta ba, saura duk zafi ne, sai ga ƙari. Gam ɗin da ke riƙe da naɗin ya narke, wari ya tashi, shi ke nan. To ka ga ko a nan ɗin ma yawan wuta ne ya kashe ta, ba ƙaranci ba.

Ɗalibin Lantarki:
Yauwa, ke nan in amfilifayan 100 ne ko an ƙure shi 200 zai bayar, wufar 500 ba za ta ji komai ba

Injiniya:
A lissafi haka ne, da wuya ya ƙona ta, sai dai sautin zai yi muni kuma shi amfilifayan ne zai sha wahala. Haɗarin ya fi yawa in amfilifaya ya kai rabin wufa zuwa sama sannan aka ƙure shi.

Tsohon Rewaya:
Ni abin da zan ƙara, wufofin da ake kawo min a ƙone in na zare koyil ɗin nakan gan shi baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa, wani ma naɗin ya warware ya zubo kamar zare, in ka danna fuskar da hannu ka ji tana karce-karce. Da na leƙa but ɗin motar abu na farko da nake dubawa geyin, kusan kullum a ƙure yake, ƙaramin amfilifaya ne ko babba. Babban ma ya fi sauri wajen gamawa da ita Sarki, wannan kar ka bari kowa ya ruɗe ka. 1000 mai tsabta a kan wufar 500 in aka sake masa linzami zai dafa ta, tsabtar sauti ba ta hana koyil zafi.

Sarkin Ƙara:
To Baba me ya sa masu gasar ƙara suke saka wa wufa ninki biyu ninki uku kuma ba ta mutuwa

Tsohon Rewaya:
Su ai na 'yan daƙiƙu suke bugawa a ɗau maki a kashe, kuma koyil ɗin canji yana ajiye a gefe. Kai kuma tafiyar awa biyu za ka yi da kiɗa a kunne. Ba ɗaya ba ne.

Hajiya Mai Sitiyari:
Sannunku da muhawara. Ni dai ina bin ku a hankali, amma har yanzu ba wanda ya faɗa wa bawan Allahn nan iyakar da ake bi. A ce mutum bai samu wanda ya yi daidai cif ba, daga nawa zuwa nawa ne ba laifi?

Injiniya:
Hajiya abin da aka saba bi shi ne RMS na amfilifaya ya faɗo tsakanin kashi 75 zuwa 150 cikin 100 na RMS ɗin wufa, a om ɗin da za a ɗaura. Ga mai 500 ke nan daga 375 zuwa 750. Ba doka ba ce, al'adar masu aikin ce kawai. Saman yana da amfani ga wanda ya iya saita geyin kuma yana da kunnen jin lokacin da wufa ta fara kuka, saboda kiɗa ba sauti ɗaya ba ne miƙaƙƙe, yana hawa yana sauka, ɗan rarar nan tana sa dukan ganga ya fito tsaf. Wanda kuma ya san motar za ta shiga hannun ƙannensa gara ya tsaya a daidai ko ƙasa kaɗan.

Wani abu kuma da zai kwantar wa mutane hankali, wat ba ya biya yadda ake zato. In ka ninka ƙarfi sau biyu 3 dB (ma'aunin ƙara) kawai ka ƙara, kafin kunne ya ce ƙara ta ninka kuwa sai wajen 10 dB, wato ƙarfi ninki goma. Tsakanin 500 da 800 bambancin 2 dB ne da ɗan ɗigo. Akwati mai kyau shi kaɗai yana iya ba ka fiye da haka ba tare da ka ƙara ko wat ɗaya ba.

Sarkin Ƙara:
2 dB ɗin nan ni ina jin sa a ƙirjina 😎

Hajiya Mai Sitiyari:
Sarki kai dai Allah ya bar maka kunnuwanka

Sabon Shiga:
Hhhh. To na tsaya a na farkon. Yanzu geyin ɗin nan da kowa ke ambata, ni na ɗauka shi ne wajen ƙara murya, a ina zan ajiye shi? rabi?

Tsohon Rewaya:
Ba murya ba ne, kuma babu wani waje guda da za a ce kowa ya ajiye. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar da rediyonka ke turowa. Wani rediyon 2 volt yake fitarwa ta RCA wani 4 wani 5, mai 4 zai cika amfilifaya tun geyin yana ƙasa-ƙasa, mai 2 sai an ɗan ƙara. Rabi a motar wani daidai ne, a motarka ya zama kilifin.

In kana da mita ga yadda za ka yi. Ka ninka wat da om ka ɗau tushen lambar (square root a kalkuleta), 500 sau 2 dubu ɗaya ke nan, tushensa 31.6, wannan ita ce volt ɗin da kake nema. Ka cire wayar wufa daga amfilifaya tukuna, ka mayar da geyin ƙasa gaba ɗaya, bas bus a sifili, a rediyo ma bas da laudnes da duk wani EQ ka mayar da su sifili. Ka tada mota ta zauna a kunne. Ka sa sautin gwaji na 50 Hz mai 0 dB, ana samunsa a intanet, ka kai muryar rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, don yawancinsu in sun doshi ƙarshe su ma suna fara sare sauti. Mita a AC volt, ka ɗora tsinkayenta a inda wayar wufa ke fita, sai ka riƙa murɗa geyin sannu sannu har ka ga 31.6 ka tsaya. Ka kashe, ka mayar da waya. Daga ranar lambar muryar da ka yi saitin da ita ita ce iyakarka, in 30 ce cikin 40 to kar ka wuce 30.

Ɗalibin Lantarki:
Baba me ya sa 50 Hz, ba 40 ko 80 ba?

Tsohon Rewaya:
Yana cikin inda wufa ke aiki, sannan ƙananan mitocin nan don wutar gida aka yi su, 50 ko 60 Hz, a nan suka fi faɗin gaskiya. Ka dai tabbata filtocin amfilifayan ba su taɓa wajen ba lokacin awo, LPF mai yanke siririn sauti ka buɗe shi sama, sabsonik mai yanke bes na can ƙasa ka sauke shi ƙasa, in ka gama ka mayar.

Injiniya:
Ƙarin bayani kaɗan a kan na Baba, mita ba ta ganin kilifin, lamba kawai take nunawa. Dabarar tana aiki ne in amfilifayan da gaske yana iya ba da 500 ɗin. In ka gwada ta a kan na 3000 ɗin can ka ce za ka nemo volt ɗin 3000 ai mita za ta yi ta hawa kana murna alhali sautin ya daɗe da lalacewa. Osiloskof ne ke nuna igiyar ido da ido, in akwai mai shi kusa da kai ya fi. Wasu amfilifayan kuma suna da 'yar fitilar kilif a jikin rimot ɗin bas, in tana ƙiftawa jefi-jefi ba komai, in ta zauna a kunne ka rage.

Sarkin Ƙara:
0 dB ɗin nan fa in ka saita da shi bes ɗin sanyi yake yi, ni da -5 nake yi wani lokacin ma -10

Injiniya:
Wannan kam kana da hujja, waƙoƙi da yawa ba sa kaiwa 0 dB a bes sai jefi-jefi, shi ya sa masu aikin da dama ke amfani da -5 ga wufa. Amma ka sani ka buɗe ƙofar kilifin a duk waƙar da aka cika mata bes tun daga situdiyo, kuma na yanzu da yawa haka suke. Ga sabon shiga ni 0 zan ce ya fara da shi, in kunnensa ya waye ya ƙara. -10 kuwa Sarki kai da wufarka.

Sabon Shiga:
bas bus ɗin fa, har abada a sifili zai zauna? na ga an rubuta 0 zuwa 12 dB

Injiniya:
Ka tuna lissafin ɗazu, kowane 3 dB ninki biyu ne. 6 dB na neman ƙarfi ninki huɗu a wajen da yake ɗagawa, galibi kusa da 45 Hz, 12 dB kuma ninki goma sha shida. Amfilifayan da ka riga ka saita a iyakarsa ina zai samo wannan? Sai dai ya sare. In dole kana so, ka sa kaɗan sannan ka sake saita geyin da shi a kunne.

Mai Tsohuwar Mota:
Afuwan na shigo muku tsakiya, tawa matsalar ta yi kama da wannan. amfilifaya na mai chanel biyu ne na yi masa birij wato na haɗe chanel biyun suka zama ɗaya na ɗaura wufa mai koyil biyu om 4 a faralel kamar yadda Injiniya ya ce, yana fara bugawa minti kaɗan sai jar fitila ta kama ya ɗauke, in ka taɓa shi kamar dutsen guga, in ya huce ya dawo ya sake ɗaukewa, har na fara tunanin batir ne

Tsohon Rewaya:
Ba batir ba ne ɗan'uwa, kashe shi kake yi a tsaye. Shawarar Injiniya ta mono ce mai jure om 2. In ka yi birij kowane chanel rabin om ɗin yake gani, om 2 ɗinka ya zama om 1 a kowane gefe, kuma yawancin masu chanel biyu om 4 ne iyakarsu a birij, duba takardarsa za ka gani. Jar fitilar ma taimakonka take yi. Da wufar nan zaɓinka siris ne om 8, ƙarfi zai ragu amma zai zauna lafiya, ko ka nemi mono. Wufar da ta dace da amfilifayanka ita ce mai koyil ɗaya om 4, ko mai koyil biyu om 2 a yi mata siris ta ba da 4.

Mai Tsohuwar Mota:
kash, wato tun wajen saye aka yi kuskuren. na gode Baba

Hajiya Mai Sitiyari:
Shi ya sa ni nake ganin a fara zaɓen ɗaya sannan a nemo ɗayan da takarda a hannu, ba a sayi kowanne don ya burge ido ba a zo gida ana neman yadda za a aurar da su. Sabon Shiga wane irin akwati za ka saka ta? ban ji an tambaya ba

Sabon Shiga:
Mai rami ne Hajiya, wanda ya haɗa ya ce a 35 Hz ya yi tunin ɗinsa

Injiniya:
Madalla da Hajiya ta tambaya, don wannan ita ce hanya ta biyu ta mutuwar wufa kuma ba ruwanta da zafi. A akwati mai rami, ƙasa da inda aka yi tunin iskar ciki ba ta ƙara riƙe fuskar wufar, sai ta riƙa lilo kamar ba ta cikin akwati, kana ganin tana fita tana shiga sosai amma ba sautin kirki. A nan ko 300 na iya sa ta buga ƙasa, za ka ji wani ƙas ƙas, in ka ji shi ka rage nan take. Maganinsa sabsonik filta, ka ajiye shi kaɗan ƙasa da tunin, ga 35 ka sa wajen 28 zuwa 30. LPF kuma ka fara da 80 Hz ka saurara, in kana jin muryar mawaƙi na fitowa daga but to ya yi sama. Da rufaffen akwati ne da iskar ciki ta riƙe ta ko'ina, shi ya fi yafiya amma ya fi son wuta kafin ya yi ƙara.

Sarkin Ƙara:
kar ka manta ka sa kafasita malam in ba haka ba fitilunka za su riƙa rawa da kiɗa

Tsohon Rewaya:
Kafasita ba ya haifar da wuta Sarki, ajiya ce 'yar mitsitsiya, ya juye cikin ƙiftawar ido sannan ya koma yana jan altaneta shi ma. A 500 class D abin da za a ja in an ƙure wajen amfiya 45 ne, da kiɗa na yau da kullum ma bai kai haka ba, yawancin motoci masu lafiyayyen batir da altaneta za su ɗauka. Abin da zai kula da shi waya ce. Ka sa geji 4 ta jan ƙarfe zalla, wadda ake rubuta wa OFC. Akwai wadda ake kira CCA, alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ba ta da nauyi a hannu, in ka kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari a ciki, wutar da take ɗauka wajen kashi 60 da ɗan wani abu ne na ta gaske mai kauri ɗaya. Wata kuma robar ce mai kauri, wayar ciki 'yar siririya, ka duba bakin kafin ka karɓa.

Fiyus a kan wayar kusa da batir, kar ya wuce inci 18 daga kan batirin, 60 ko 80 ya isa, shi wayar yake karewa kar ta goge da ƙarfe mota ta kama wuta, ba amfilifaya ba. Ta nagatif kuma kaurinsu ɗaya da ta fozitif, gajeriya, a kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes a ɗaure tam. Rabin matsalar da ake ɗora wa amfilifaya daga nan take. In wuta ta faɗi a bakin amfilifaya, misali kana ganin 11 da wani abu lokacin da bes ya buga, 500 ɗin da aka auna a 14.4 ba za ta samu ba, kuma zai fara kilifin tun kafin inda ka saita.

Ɗalibin Lantarki:
To Baba in nan gaba ya so ƙara wufa ta biyu irin wannan sai ya canza amfilifaya?

Tsohon Rewaya:
Ba dole ba. Koyil huɗu masu om 4 duk a faralel om 1 ne, amfilifayansa ya ce 800 a nan, kowace ta samu 400, yana cikin iyakar da Injiniya ya faɗa. Geji 4 ɗin ma za ta ɗauka in ta gaske ce. Sai dai a om 1 zai fi zafi kuma zai ja sama da amfiya 70, a lokacin ne za a fara maganar altaneta da ƙara kaurin wayoyin gaban mota. Kuma sai an sake saitin geyin, tushen 800 wato 28.3.

Sabon Shiga:
Na dawo. Na haɗa faralel ɗin na ɗora mita a bakin akwatin kafin in kai wa amfilifaya, amma 1.7 take nuna min ba 2 ba, wani lokacin ma lambar tana rawa, ko na yi kuskure ne? kar in je in ƙona abu

Injiniya:
Lafiya lau ne. Mita juriyar DC take aunawa, ita kuma kullum tana ɗan ƙasa da lambar da aka rubuta, koyil mai om 4 yakan nuna 3 da wani abu, biyu a faralel 1.7 daidai ne. Rawar kuma fuskar wufar ce ke ɗan motsi, ko iska ko ka taɓa ta, koyil na motsi cikin maganaɗisu yana haifar da 'yar wuta ya rikita mitar. In tana aiki a akwati ma om ɗin hawa yake yi sama da 2 a mafi yawan wurare, ba ƙasa ba. Da ka ga 6 ko 7 shi ne za mu ce siris ka yi, da ka ga 3 da wani abu kuma koyil ɗaya bai haɗu ba.

Sabon Shiga:
Alhamdulillah. Na saita a 31.6, abin mamaki geyin ɗin ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba, har na yi zaton mitar ce ta lalace. Bes ɗin yana fita tsaf, amfilifaya ɗumi kawai yake yi, fitilu ba sa rawa. Matsala ɗaya yanzu, lambar motar ta baya da murfin but sai zzzz suke yi, daga waje abin kunya wlh

Sarkin Ƙara:
ƙara geyin ɗin kaɗan ba za ka ƙara jin zzzz ɗin ba 😂

Tsohon Rewaya:
Kar ka saurare shi. Kwance lambar ka manna soso ko roba a bayanta ka ɗaure ta da kusoshi huɗu maimakon biyu, murfin but ɗin kuma ka sa wani ya riƙa danna wurare da tafin hannu kiɗa na bugawa, inda ƙarar ta ɗauke nan za ka liƙa tabarmar kashe girgiza ta ciki. Ka duba jak da sifana a ƙarƙashin kafet ma, sau da yawa su ne.